Numfashin Inna Kicin

Duk wanda ya yi makarantar kwana ta bayan garin nan ya san Inna Kicin, ko da bai taɓa ganin fuskarta da kyau ba, domin fuskar kullum a cikin hayaƙi take. Muryar ce ba wanda bai sani ba. Tana bakin murhu za ta daka wa ɗalibi tsawa yana can bakin famfo, sai ka ga ya saki kwano.

Mijinta direban babbar mota ne. Ya rasu ya bar ta da ƙuruciyarta da ɗa guda, ta ce ita ta gama aure, ta je makarantar neman aiki aka ba ta wanke-wanke. Ba a daɗe ba muciya ta dawo hannunta, sauran masu girki suka koma sai abin da ta ce. Kicin ɗin doguwar rumfa ce mai gajeren rufin kwano, murahu a jere, tukwanen kuwa babban mutum zai zauna a ciki ya miƙe ƙafa. Itacen da ake kawowa rabinsa ɗanye. Da can akwai tagogi ta baya, iska na ɗan ratsawa. Wata shekara buhunan abinci suka riƙa ɓata, ma'ajin makaranta ya ce ta taga masu girki ke miƙa wa 'yan uwansu, ya kawo magini aka toshe tagogin da bulo. Buhuna ba su fasa ɓata ba, don dama ta ƙofa suke fita, da mabuɗi. Hayaƙin ne kawai ya rasa hanya.

Inna ta yi magana har ta gaji. Aka ce za a fasa rufi a sa bututun hayaƙi. Shugaba ya zo, shugaba ya tafi, kowa da alkawarinsa, ita kuwa tana nan tana tuƙi, hawaye na zuba, in ta fyace hanci baƙi ƙirin.

Tari ya fara mata tun gashinta bai yi fari ba. Da ya yi tsanani sai wasu iyayen yara suka fara ƙorafi wai mai tarin fuka ce ke dafa wa 'ya'yansu abinci. Ta je asibiti aka gwada. Likita ya ce ba tarin fuka ba ne, hayaƙi ne ya cinye huhun, hanyoyin iska sun tsuke, ciwo ne da ba ya warkewa amma ba ya kama kowa. Ta dawo da murnarta ta shiga ofishin shugaban makaranta na lokacin, wani mai yawan fesa turare. Bai bari ta zauna ba. Ya toshe hanci da hankici, ya ce shi ya yarda, amma iyaye ba za su gane ba, gara ta je gida ta huta. Haka aikin ya ƙare, a tsaye, a bakin ƙofa.

Ta koma gidan ɗanta. Shi mai gyaran wutar lantarki ne, furfura ta fara fito masa amma har yanzu Yaro take ce masa. Matarsa kuwa ta haifi 'ya'ya har babbar ta isa sakandare, amma a bakin Inna tana nan Amarya. Zaman nasu ba faɗa, ba kuma daɗi. Macen da ta saba ciyar da makaranta guda ba za ta zauna ta ga ana yanka albasa da kauri ta yi shiru ba. In akwai baƙi a falo, Inna ba ta ɗaga murya, sai dai ta kalli Amarya daga nesa ta motsa leɓe: gishiri, ko rufe tukunyar, ko wuta ta yi yawa. Amarya ta ƙware da karanta bakin nan ba don tana so ba.

Shekaru suka tura. Daga ɗaki zuwa banɗaki ya zama tafiya mai zango, sai ta dafa bango ta huta. Maganin shaƙa na buɗe ƙirji na cikin lalitarta ko da yaushe. Wata damina mura ta kama jikokin, ta wuce su ta sauka a ƙirjin Inna. Da hantsi Amarya ta same ta zaune a bakin gado, leɓe ya yi shuɗi, tana buɗe baki iska ba ta shiga.

Abin da ya biyo baya, labari aka ba ta. An ce an zura mata bututu ta baki an haɗa da injin da ke yi wa mutum numfashi. An ce magani ya kashe ciwon da ya taso, amma huhun da naman ƙirjin sun gaji, in aka rage injin sai ta fara shiɗewa. Da abin ya ja, aka huda mata maƙogwaro aka mayar da bututun nan. Ita dai ta farka ta ga farin rufi, wani siririn bututu a hanci da ake ɗura mata abinci, ga wani abu a gefen kanta yana huci, duk hucin da ya yi sai ƙirjinta ya ɗaga ba da izininta ba. Ta buɗe baki ta kira Yaro. Ko sauti bai fito ba.

Wata safiya mutane suka kewaye gadon da fararen riguna. Suka yi ta magana a saman kanta da yaren asibiti. Sai wani hannu ya zo ya zare tiyon injin daga wuyanta, ya ɗora wani ɗan kofi mai busa iska a wurin. Ƙirjin da aka saba ɗaga mata ya tsaya cak. Ta ja, ta ji kamar tana zuƙar iska ta cikin tsinken ciyawa. Ta sake ja. Ta duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallonta, duk sun zuba ido kan allon da ke bayan kanta. Ta ce a ranta injin ne ya lalace, kuma waɗannan ba su lura ba. Ta kai hannu za ta jawo tiyon, wata nas ta danne hannun tana cewa Mama ki kwantar da hankali, ki yi numfashi. Da me, Inna ta tambaya a zuci. Gumi ya keto mata, zuciya ta hau dukan ƙirji, ƙararrawa ta ɗauki kuka. Aka mayar da injin, aka yi mata allura.

Da ta farka ta tarar an ɗaure mata hannuwa da bandeji a ƙarfen gado, kamar wadda aka kama da kayan sata.

Washegari aka sake, haka aka ƙare. Aka kuma sakewa. Ta kai in ta ga fararen riguna sun doso gadonta, tun kafin a taɓa ta numfashin ke rikicewa. Tana ji ana cewa tsohuwar ba ta ba da haɗin kai, tsohuwar ta rikice. Ita da hankalinta garau, tana jin har gulmar da masu shara ke yi.

Ran da Yaro ya ga abin da idonsa, ya tsaya tsakanin gadon da likita ya ce ba za a sake ba. Shi mutum ne da ya yarda da inji. A ganinsa abin da ke aiki lafiya ba a kashe shi. Likitar, wata doguwar mace mai gajiyayyun idanu, ta yi masa bayani a ƙafar gadon: duk ranar da Inna ta ƙara a kan inji naman da ke jan numfashi na ƙara mutuwa, kamar ƙafar da aka daɗe ba a taka ba, kuma bututun kansa hanya ce da cuta ke bi ta shiga huhu. Ya ce ya ji, amma uwarsa guda ce, ba zai tsaya ana shaƙe ta a gabansa ba. Suka yi ta ja, shi yana cewa uwata, ita tana cewa mara lafiyarmu. Mai ƙirjin tana kwance tsakaninsu tana kallon wannan ta kalli wancan, ba wanda ya sunkuyo ya ce mata ke fa.

Ana cikin haka ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ji labari. Suka zo da yamma su da yawa, sun sha manyan kaya, a gabansu shugaban nan mai turare, ya tsufa ya yi ritaya, yanzu shi ne uban ƙungiya. Dokar ɗakin mutum ɗaya ko biyu ne, amma a cikinsu akwai wanda ya san wani, kuma Yaro ya ga manyan mutane sun zo don uwarsa, sai baki ya ƙi rufuwa. Aka shigo da su kaɗan-kaɗan. Shugaban ya tsaya daidai kanta, ya ɗora hannu a ƙarfen gadon, ya ce wannan baiwar Allah uwa ce gare su duka, makaranta ba za ta taɓa mantawa da ita ba. Wani ya ɗaga waya. Wani mai lura ya ja zanen gado ya rufe hannuwan da aka ɗaure don kada su ɓata hoto. Kanta kuwa, da farin gashin da ya cukurkuɗe tun ranar da aka kawo ta, ba wanda ya tuna da shi. Macen da ko jikokinta ba su taɓa ganin kanta a buɗe ba.

Ta rufe ido. Suka ce Allah sarki, barci take ji.

Bayan sun watse Amarya ta shigo da wankakkun kaya. Kallo ɗaya ta yi wa fuskar ta ajiye jakar. Ta san wannan fuskar, ta sha ganinta daga ƙofar kicin. Leɓen Inna na motsi. Amarya ta matso ta sunkuya.

"Ɗankwali?" ta ce.

Inna ta lumshe ido. Amarya ta zare gyalenta ta ɗaga kan a hankali ta ɗaura mata, ta tura gashin ciki. Leɓen bai tsaya ba. Amarya ta bi shi, ta kuskure, Inna ta harare ta, ta sake.

"Su gaya miki? Su gaya miki me, Inna?" Ta dakata tana kallo. "Kafin su cire. Wai ba a gaya miki ba?"

Amarya mace ce mai sanyin magana, amma ranar a tsakiyar baranda ta tare likitar. Likitar ta saurara har ƙarshe. Ta ce an yi bayani ranar farko, sai dai lokacin maganin barci bai gama sakin Inna ba, kuma daga nan kowa ya ɗauka wani ya sake yi. Ba ta tsaya kare kai ba. Ta shigo ta jawo kujera ta zauna har fuskarta ta zo daidai da ta Inna.

"Mama, injin bai taɓa lalacewa ba," ta ce. "Mu ne muke cire shi da gangan, don ƙirjinki ya koyi aiki da kansa. Za ki ji kamar iskar ba ta isa ba, amma tana isa, muna gani a allon can. In ta kasa da gaske, kafin ki ƙifta ido mun mayar. Ya kamata a ce kin ji wannan tuntuni."

Da gangan. Inna ta ji kalmar ta tsaya mata a wuya fiye da bututun. Duk mutuwar da ta yi ta dawo, ashe mutane ne suka shirya ta da safe bayan sun sha shayi. Ta motsa baki ta yi wata doguwar magana. Likitar ta juya ta kalli Amarya.

"Ta ce ta gode," in ji Amarya, idonta a ƙasa.

Inna ta bugi katifa da ɗaurarren hannunta. Likitar ta ce ba komai, ta fahimci wace irin godiya ce.

A nan aka yi sharaɗi, Inna na faɗa Amarya na fassarawa, wannan karon ba ragi. A kwance mata hannu. Kada a sake taɓa tiyon sai an gaya mata, an kuma faɗi tsawon lokacin da za ta yi. A ba ta cokali ta riƙe, in ta ji ba za ta iya ba ta buga ƙarfen gado, kuma in ta buga a mayar ba gardama. Amarya ta zauna kusa. Yaro kuma ya fita waje, don fuskarsa kaɗai ta isa ta tsinka wa mai lafiya zuciya.

Yaro ya ji zafin wannan. Ya ce shi da ya fito daga cikinta shi za a kora, a bar 'yar wani. Ya ce kuma har yanzu bai amince a cire ba. Inna ta dube shi irin duban da take masa tun yana rarrafe, ta nuna ƙirjinta da cokalin, ta nuna ƙofa. Ya fita.

Karon farko ba ta daɗe ba ta buga cokali. Aka mayar nan take, kamar yadda aka yi alkawari, kuma wannan ya fi komai kwantar mata da rai. Da rana ta ce a sake. Amarya na riƙe da hannunta tana ba ta labarin gida, da gangan take cewa ta zuba ruwa da yawa a miya, ko ta bar madara a waje ta lalace, sai Inna ta shagala da harara, lokaci ya wuce ba ta sani ba.

Abin bai tafi a miƙe ba. Wani mai koyar da motsa jiki, gajere mai fara'ar da ke ba ta haushi, yana zuwa kullum ya zaunar da ita a bakin gado, daga baya a kujera, daga baya ya ce sai ta miƙe tsaye da tiyo da komai. Ya bubbuga mata baya, a zura siririn bututu a zuƙe kaki, ta yi ta tari hawaye na zuba. Ta raɗa masa suna Azzalumi, Amarya ta ce masa wai Inna na yaba ƙoƙarinsa. Aka ƙara mata abinci mai gina jiki ta hanci, ita da ba a taɓa cin girkinta an nemi ƙari don yunwa ba, yanzu abin da ba ta san ɗanɗanonsa ba ake ɗura mata. Ta kai tana yin safiya guda ba inji. Sai zazzaɓi ya dawo, aka mayar da ita kan injin gaba ɗaya, duk abin da ta tara ya zube. Ta juya fuska bango ta ƙi kallon kowa. Yaro ya samu bakin magana, ya ce ai dama ya faɗa. Jin haka ne ya sa da zazzaɓin ya sauka ta nemi cokalinta.

Daga safiya ta koma wuni. Daga wuni aka fara barinta ta kwana. Injin na nan a gefe a kashe, ta ce a juya shi ya kalli bango.

Sai ranar da likitar ta kawo wani ɗan murfi ta ce in aka sa a bakin bututun iska za ta bi ta sama, murya ta fito. Aka kira Yaro. Ya tsaya yana murza hula, idonsa ya cika, yana jiran ya ji ta kira shi ko ta yi hamdala. Inna ta yi tari, ta gwada, wani sauti ya fito kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Ta huta, ta tara iska.

"Yaro," ta ce. "Wa ya ba ka izini a ɗauke ni hoto ba ɗankwali?"

Ya fara cewa ai manyan mutane ne, sun zo da kyakkyawar niyya. Ta ɗaga hannu, don iskar ba ta da yawa kuma ba za ta ɓata ta a sauraro ba. Ta ce ya bi su ɗaya bayan ɗaya su goge. Ya bi su kuwa. Wasu suka goge, wasu suka ce ai hoton ya riga ya zaga, shugaban ya aiko cewa bai ga abin fushi ba.

Aka cire bututun, ramin wuya ya haɗe ya bar tabo. Ta koma gida da na'urar iska da ake jonawa da wuta, Yaro ya haɗa mata batura a ƙarƙashin gado yadda ko an ɗauke wuta ba za ta tsaya ba, aikin da ya yi da dukan zuciyarsa. Muryar ba ta dawo kamar da ba. Magana biyu sai hutu, don haka ta koma zaɓen wanda ya cancanci faɗa.

Wata rana ta sa aka kira mata maƙwabcinsu tela da matarsa su zama shaida. Ta ce wa Yaro ta gode wa injin, ya yi mata rana, amma in ciwon ya sake tashi a kai ta asibiti a ba ta magani da iska, kada a sake zura mata bututu. Ta ce ta tambayi likita, an gaya mata gaskiya cewa huhun da ya rage ba lallai ya sake sauka daga inji ba, ita kuma ba za ta ƙare kwananta ana magana a saman kanta ba. Yaro ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ta bar shi ya gama, sannan ta sa ya maimaita abin da ta ce.

Ta ƙara ganin damina biyu. Ta ga babbar jikarta ta gama makaranta. Da ciwon ya dawo aka kai ta asibiti, wani sabon likita ya ce a kawo inji, Yaro ya tsaya ya ce mai jikin ta hana. Likitan ya sunkuya ya tambaye ta da kansa, ta girgiza kai. Aka ba ta abin da zai sauƙaƙa mata. Ta cika da la'asar, Amarya na riƙe da hannu ɗaya, Yaro na riƙe da ɗayan.

Wurin zaman makoki wani ƙanen mijinta ya zo daga nesa, mutumin da ko sau ɗaya bai leƙa asibiti ba a duk jinyar. Ya zauna a tsakiyar mutane yana cewa shi abin da bai gane ba, yaya za a ce ga inji a asibiti ɗa ya hana a sa wa uwarsa, 'ya'yan yanzu sai addu'a. Yaro ya sunkuyar da kai. Amarya na wucewa da butar ruwa, ta tsaya.

"Baffa," ta ce, "ita ta ce ba ta so, da bakinta, a gaban shaidu. Da kun zo lokacin da take da rai, da kun ji amsarku daga wurinta."

Ta ajiye masa butar a gabansa ta koma ciki, inda mata ke jiran a nuna musu wurin da manyan tukwane suke.